Tsakanin Ɗakin Gwaji da Kasuwar Hannun Jari: Wata Hanya ga Ɗalibin Kimiyya

Gabatarwa

A farkon kowace shekarar karatu ba na rasa baƙi iri guda a ofishina. Ɗalibai ne waɗanda suka ci burin zama likitoci tun suna ƙaramar sakandare, suka zauna jarrabawar shiga jami'a, makinsu bai kai ba, sai aka turo su sashenmu na ilmin halittu. Galibinsu sukan shigo jiki a sanyaye, kamar waɗanda aka yi wa rasuwa. A bara ɗaya daga cikinsu ya yi sallama, ya rusuna ya gaishe ni, sa'an nan ya ce, "Malam, shawara na zo nema. Baba ya ce tunda likitancin bai samu ba, in daina ɓata lokaci, in koma sashen akanta, ko kuwa in zo mu zauna a kanti. Ni kuwa raina yana kan kimiyya, amma ba zan ɓoye maka ba, ina jin daɗin lissafin kuɗi." Na ce masa, "Zauna, ɗana. Wa ya gaya maka sai ka yar da ɗaya kafin ka ɗauki ɗaya?"

Hirar da muka yi a ranar ita ce ta haifar da wannan maƙala. Akwai wata sana'a wadda ba a cika ambatonta ba idan malamai suna ba ɗalibai shawara a kan zaɓen aiki, watau sana'ar zuba jari a harkar lafiya. Masu wannan sana'a su ne ke yanke shawarar wane bincike za a ba kuɗi ya zama magani, wane kuma za a bari ya mutu a cikin ɗakin gwaji. Aikin yana bukatar mutumin da zai iya karanta rahoton gwajin magani da safe, ya karanta lissafin kamfani da yamma, ya kuma fahimci duka biyun. Za mu duba yadda sana'ar take a ƙasar Amurka, inda ta fi kafuwa, da irin ilmin da take nema, da haɗarin da ke cikinta, kana mu waiwayo gida.

Yadda tsarin yake a Amurka

A Nijeriya, wanda ya gama sakandare yakan shiga karatun likita kai tsaye, ya yi shekara 6. A Amurka abin ya sha bamban. Sai ɗalibi ya fara yin digiri na farko na shekara 4 kafin ya nemi shiga makarantar likitoci, inda zai ƙara wasu shekara 4. Ba a tilasta masa ya yi digirin nan na farko a fannin kimiyya ba. Abin da ake bukata shi ne ya ci wasu darussa da aka ƙayyade, kamar ilmin halittu, da kemistiri, da fizis, ya kuma zauna jarrabawar da ake kira MCAT. Saboda haka a can za ka iske ɗalibi yana digirinsa a fannin harkokin kuɗi, a gefe guda kuma yana ɗaukar darussan share fagen likita.

Da yawa daga cikin irin waɗannan ɗalibai sukan kai shekara ta uku su tsaya a mararraba. Wasu su wuce makarantar likitoci, wasu su haɗa digirin likita da babban digirin harkokin kasuwanci, wanda jami'o'i da dama ke bayarwa a haɗe cikin kimanin shekara 5. Wasu kuwa sai su nufi bankuna da kamfanonin zuba jari da ke birnin New York, ko Boston, ko San Faransisko. Dalilin da ya sa ake da guraben aiki irin waɗannan shi ne girman harkar, domin abin da Amurka ke kashewa a kan lafiya ya kai kimanin kashi 17 cikin 100 na dukan arzikin da ƙasar ke samarwa a shekara. Inda kuɗi suka taru haka, dole a nemi masu sanin inda ya dace a saka su.

Saurayin da ya nemi minti goma

Mafi kyawun misali na wannan sana'a shi ne Robert Swanson. Ya karanta kemistiri a jami'ar MIT, ya kuma haɗa da babban digiri a fannin gudanar da kasuwanci. Ya yi aiki da wani kamfanin zuba jari mai suna Kleiner Perkins, amma a farkon 1976 ba shi da aiki, kuma bai cika shekara 30 da haihuwa ba. Abin da yake da shi shi ne ya karanta labarin wani bincike da Herbert Boyer da Stanley Cohen suka yi a 1973, inda suka nuna cewa ana iya yanko wani yanki na sinadarin gado, watau DNA, daga wata halitta a dasa shi cikin ƙwayar bakteriya, ita kuma ta riƙa aiki da umarnin da ke cikinsa. Masana da yawa a lokacin suna ganin sai an daɗe kafin wannan fasaha ta zama abin kai wa kasuwa.

Swanson ya roƙi Boyer ya ba shi minti goma kawai. Hirar ta kai su awa uku. Kowannensu ya ajiye dala 500, suka kafa kamfanin Genentech a watan Afrilu na 1976, tsohon wurin aikin Swanson kuma ya zuba dala 100,000 na farko. Abin da suka sa a gaba shi ne sinadarin insulin, wanda masu ciwon sukari ke bukata. Kafin lokacin, daga jikin aladu da shanu ake tatso shi. Insulin na ɗan Adam jeri ne na tubala 51 da ake kira amino asid, na alade ya saɓa masa a tubali 1, na saniya a tubali 3, kuma wannan ɗan bambanci yakan sa jikin wasu majiyyata ya yi tawaye. A 1978 kamfanin, tare da masana na cibiyar City of Hope, ya sanar da cewa ya sa bakteriyar E. coli, wadda ke zaune cikin hanji, ta ƙera insulin irin na mutum. Kamfanin Eli Lilly ya karɓi aikin sarrafa shi da yawa, aka amince da shi a 1982 da sunan Humulin.

A ranar 14 ga Oktoba, 1980, Genentech ya fitar da hannun jarinsa kasuwa a kan dala 35 kowane guda. Kafin awa ɗaya farashin ya kai dala 88. A 2009 kamfanin Roche na ƙasar Suwizalan ya biya dala biliyan 46.8 don ya mallaki sauran hannun jarin da bai riga ya mallaka ba. Swanson bai ƙirƙiro fasahar ba, bai kuma taɓa duba majiyyaci ba. Gudummawarsa ita ce ya san kemistiri har ya gane cewa abin zai yiwu, ya kuma san kasuwanci har ya gane wane sinadari ya kamata a fara da shi, da wanda zai saya.

Doguwar tafiyar magani

Domin mai karatu ya fahimci abin da ya sa ake bukatar irin wannan mutum, ya kamata ya san hanyar da magani ke bi kafin ya iso kantin magani. Da farko akan gwada dubban sinadarai a ɗakin gwaji, a zaɓi 'yan kaɗan a gwada a jikin dabbobi kamar ɓeraye. Wanda ya tsallake sai ya shiga gwaji a jikin mutane, mataki uku. A mataki na farko akan ba mutum 20 zuwa 100, galibi masu ƙoshin lafiya, domin a ga ko yana cutarwa da kuma yawan da jiki zai ɗauka. A mataki na biyu akan ba majiyyata da za su iya kai 'yan ɗaruruwa, a ga ko akwai alamar yana aiki. A mataki na uku akan ba ɗaruruwa ko dubbai, a raba su gida biyu ta hanyar ƙuri'a, gida ɗaya ya sha sabon maganin, ɗaya ya sha tsohon magani ko ƙwayar da ba kome a cikinta. Bayan haka ne hukuma za ta duba sakamakon, kamar FDA a Amurka ko NAFDAC a Nijeriya.

Tafiyar takan ci shekara 10 zuwa 15. Wani nazari da ƙungiyar kamfanonin fasahar halittu ta Amurka ta yi a kan shekarun 2011 zuwa 2020 ya nuna cewa cikin magunguna 100 da suka shiga mataki na farko, kimanin 52 ne ke wucewa zuwa na biyu, 15 su kai na uku, 9 su isa gaban hukuma, 8 su sami amincewa. Game da kuɗi kuwa, masana sun saɓa. Wata cibiya a jami'ar Tufts ta ƙiyasta a 2014 cewa sabon magani guda yana cin dala biliyan 2.6 idan aka haɗa da asarar waɗanda suka faɗi a hanya, wani nazarin na 2020 kuma ya ce abin ya fi kusa da dala biliyan 1. Daɗin daɗawa, takardar mallakar fasaha shekara 20 take yi daga ranar da aka nemi ta, kuma ana neman ta ne tun maganin yana ɗakin gwaji. Ke nan wajen rabin wa'adin yakan ƙare kafin a sayar da ƙwaya ɗaya.

Bari mu yi wani ɗan lissafi wanda ɗalibin babbar sakandare zai iya bi da alƙalami. A ƙaddara wani magani yana mataki na farko, kuma idan ya yi nasara zai kawo ribar dala miliyan 1,000 bayan shekara 10. Tunda kashi 8 cikin 100 ne ke kai labari, darajar wannan fata ita ce dala miliyan 80. Amma kuɗin da za a samu bayan shekara 10 bai kai na hannu daraja ba. Idan mai jari yana iya samun ƙarin kashi 10 cikin 100 kowace shekara a wata harka, dala 100 ta yau za ta zama 259 bayan shekara 10, watau dala 100 ta wancan lokaci daidai take da kimanin 39 ta yau. Saboda haka miliyan 80 ɗin nan ta koma kimanin miliyan 31, tun ba a cire kuɗin gwaje-gwaje ba. To, a ce wani masanin halittu ya duba yadda maganin ke aiki a cikin ƙwayoyin jiki, ya gamsu cewa damar nasararsa ta kai kashi 16. Nan take darajar ta ninka zuwa miliyan 62. Akanta zai iya yin dukan wannan lissafi, amma lambar nan guda, 8 ce ko 16, sai wanda ya san kimiyyar abin ne zai iya faɗa.

Inda ilmin halittu ke yin rana

Misalai biyu za su ƙara fito da batun. Na farko shi ne maganin torcetrapib na kamfanin Pfizer. An daɗe da lura cewa mutanen da ke da yawan wani nau'in kitsen jini mai suna HDL ba su cika kamuwa da ciwon zuciya ba. Maganin ya ɗaga HDL da kimanin kashi 70 cikin 100, masu jari suka yi ta murna. Amma a gwaji na mataki na uku, mai ɗauke da majiyyata kimanin 15,000, sai aka ga mace-mace sun fi yawa a cikin masu shan sa, kuma yana ɗaga hawan jini. Aka dakatar da gwajin a watan Disamba na 2006, bayan an kashe wajen dala miliyan 800, hannun jarin kamfanin kuma ya faɗi da kusan kashi 11 cikin 100 a yini guda. Darasin da ke nan darasi ne na ajin kimiyya: don abu biyu suna tafiya tare, ba ya nufin ɗaya ne ke jawo ɗaya. Gyaruwar lamba a takardar gwajin jini daban take da tsawon rai.

Na biyu shi ne kamfanin Theranos, wanda Elizabeth Holmes ta kafa a 2003. Ta yi iƙirarin cewa na'urarta tana iya yin ɗaruruwan gwaje-gwaje da ɗigon jinin da aka tsaga daga ɗan yatsa. Attajirai suka zuba fiye da dala miliyan 700, har aka ƙiyasta darajar kamfanin a kan dala biliyan 9 a 2014. Ɗalibin da ya yi aiki a ɗakin gwaji zai iya yin tambayoyin da suka kamata. Jinin yatsa kaɗan ne, yakan gauraya da ruwan tsoka, matsa yatsan kuma yakan fasa jajayen ƙwayoyin jini su zubo da sinadarin fotasiyam, sakamakon ya gurɓace. Ina hujjar da aka buga a mujallar masana, wadda wasu suka tantance? Galibin kamfanonin jari da suka ƙware a harkar magunguna ba su shiga ba. A watan Oktoba na 2015 jaridar Wall Street Journal ta tona asirin, kamfanin ya rushe a 2018, kotu kuma ta yanke wa Holmes ɗaurin fiye da shekara 11 a 2022. Hausawa sun ce rashin sani ya fi dare duhu.

Ire-iren ayyukan da ke cikin sana'ar

Akwai mai nazarin hannun jari. Shi aikinsa ya bi diddigin wasu kamfanonin magunguna, ya karanta sakamakon gwaje-gwajensu, ya halarci tarukan likitoci, ya rubuta rahoto yana ba da shawarar a saya ko a sayar. Wannan ita ce ƙofar da ta fi buɗewa ga wanda ya haɗa kimiyya da lissafin kuɗi. Akwai ma'aikacin bankin zuba jari, wanda ke taimaka wa kamfani ya fitar da hannun jarinsa kasuwa ko ya sayi wani kamfani. Albashinsa yana da tsoka, amma sabon shiga yakan yi aikin awa 70 zuwa 80 a mako, wani lokaci fiye.

Akwai kuma masu jarin kasada, irin su Swanson, waɗanda ke saka kuɗi a kamfanin da bai sayar da kome ba tukuna. Tsarinsu ya yi kama da na attajirin da ke ba yaransa jarin fatauci a raba riba: ya san wasu za su dawo da asara, yana fata ribar mutum ɗaya ko biyu ta rufe ta sauran. Kamfanin Moderna, wanda ya yi allurar rigakafin korona, irin wannan jari ne ya kafa shi a 2010, kuma sai da ya yi shekara 10 kafin ya kai abu na farko kasuwa a ƙarshen 2020. Guraben wannan fanni kaɗan ne, kuma sau da yawa masu digirin likita ko digirin digirgir ake ɗauka. Har wa yau, manyan kamfanonin magunguna suna da sashen da ke farautar binciken jami'o'i da ƙananan kamfanoni domin saye, hukumomin raya ƙasashe kamar IFC, reshen Bankin Duniya, su ma suna ɗaukar masu tantance asibitoci da masana'antun magani kafin a ba su jari.

A Amurka hanyar shiga ita ce aikin koyon sana'a na hutun bazara, musamman bayan shekara ta uku, kuma bankuna sukan fara ɗibar ɗalibai fiye da shekara guda kafin lokacin. Wanda ya nuna ƙwazo akan ba shi aiki idan ya gama. Sai dai akwai gargaɗi. Makarantun likitoci suna duba maki sosai, suna kuma son ganin ɗalibi ya yi hidima a asibiti, bankuna kuma suna son ganin ya ba da hutunsa gare su. Wanda ya jinkirta zaɓi har ya makara yana iya zama kamar mai bin zomo biyu.

Amana da ran ɗan Adam

Wannan sana'a ba ta rasa tabo. A 2008 wani ma'aikacin kamfanin jari mai suna Mathew Martoma ya sami sakamakon gwajin wani maganin cutar mantuwa ta tsufa a asirce daga bakin likitan da ke cikin masu sa ido a gwajin, kamfaninsa ya sayar da hannun jari kafin labari ya fita, aka ci riba tare da kauce wa asara ta kimanin dala miliyan 275. A 2014 kotu ta ɗaure shi shekara 9. Ilmin da ke buɗe wa mutum ƙofa shi ne kuma ke kusantar da shi ga irin wannan jarraba.

Batun farashi ya fi wannan nauyi. A 2011 kamfanin Gilead ya sayi kamfanin Pharmasset a kan dala biliyan 11 saboda wani maganin ciwon hanta nau'in C. Maganin ya tabbata yana warkarwa, amma da ya fito a ƙarshen 2013 an sa masa dala 84,000 na shan mako 12. A ƙarshen 2023 an amince da Casgevy, wanda ke gyara sinadarin gado domin magance cutar sikila, a kan dala miliyan 2.2 ga majiyyaci guda, alhali a Nijeriya, inda ake haihuwar jarirai kimanin 150,000 da cutar kowace shekara, iyaye da yawa da ƙyar suke sayen maganin rage raɗaɗi. Jari yana bin mai iya biya, cututtukan talakawa kuwa sukan jira.

Amma wanda ya san kimiyya da kuɗi yana iya juya lissafin. A annobar sanƙarau ta 1996 mutum fiye da 250,000 suka kamu a Afirka, kimanin 25,000 suka rasu, arewacin Nijeriya da Nijar na cikin wuraren da abin ya fi tsanani. A 2001 Hukumar Lafiya ta Duniya da ƙungiyar PATH suka kafa shirin samar da sabuwar allura da tallafin dala miliyan 70 daga Gidauniyar Gates. Sun fara da tambayar nawa ƙasashen za su iya biya, aka tsayar da ƙasa da rabin dala kowace allura, sa'an nan aka nemi wanda zai iya ƙera ta a haka, aka sami kamfanin Serum Institute na Indiya. An fara yin allurar MenAfriVac a Burkina Faso, da Mali, da Nijar a Disamba 2010, Nijeriya ta biyo a 2011, kuma sanƙarau nau'in A ya kusa ɓacewa a duk inda aka yi ta.

Darasin Niprisan

A gida muna da namu misalin. A shekarun 1990 masana na cibiyar binciken magunguna ta NIPRD da ke Abuja, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Charles Wambebe, sun inganta wani maganin gargajiya na sikila suka kira shi Niprisan. An haɗa shi ne daga masoro, da kanumfari, da karan dafi, da wani itace da Yarbawa ke kira osun. Gwajin da aka buga sakamakonsa a 2001 ya nuna yana rage yawan tashin ciwon. A 2002 aka ba kamfanin Xechem na Amurka izinin sarrafa shi, aka ƙaddamar da shi a 2006 da sunan Nicosan. Bashi ya yi wa kamfanin katutu, ya durƙushe a 2008, maganin ya yi ƙaranci a kasuwa, sai a 2018 aka ƙulla sabuwar yarjejeniya da kamfanin May & Baker. Masu binciken sun yi nasu aikin. Abin da ya karye shi ne ɓangaren kuɗi, majiyyata kuma su suka ɗanɗana kuɗar.

Bukatar masu wannan ƙwarewa tana nan. Ana ƙiyasta cewa kimanin kashi 70 cikin 100 na magungunan da ake sha a Nijeriya daga waje ake shigo da su, kuma fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin jinya daga aljihun majiyyaci yake fitowa. Kamfanoni kamar Fidson, da Neimeth, da May & Baker suna kasuwar hannun jari ta Nijeriya. Hukumar zuba jarin ƙasa, NSIA, ta saka kuɗi a cibiyar jinyar ciwon daji a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Legas, da cibiyar gwaje-gwaje a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano. Kafin a kafa kowace irin wannan cibiya sai wani ya zauna ya lissafa yawan majiyyata, da tsadar na'ura, da kuɗin lantarki, da abin da talaka zai iya biya.

Shawara ga ɗalibai da malamai

Ɗalibin sakandare da wannan hanya ta burge shi, ya riƙe lissafi da hannu biyu, musamman ƙididdiga da lissafin yiwuwa, domin da su ake karanta sakamakon gwajin magani. Idan makarantarsa ta ba da dama ya haɗa darasin tattalin arziki da darussan kimiyya, kada ya ƙi. Ya kuma koyi rubutu mai tsabta, domin rabin aikin bayani ne ga mutanen da ba su san kimiyya ba.

Wanda ya riga ya shiga jami'a, ya fara kammala digirinsa na kimiyya da kyau, ko na ilmin halittu ne, ko haɗa magunguna, ko likitanci. Ya fi sauƙi masanin kimiyya ya koyi lissafin kuɗi daga baya, a kan akanta ya koyi yadda ƙwayoyin jiki ke aiki. Daga nan akwai jarrabawar ICAN, da ta Cibiyar Dillalan Hannun Jari, da ta CFA mai hawa uku wadda aka sani a duniya, da babban digirin kasuwanci. Tun kafin wannan, ya nemi rahoton shekara na kamfanin magunguna guda, wanda ake samu kyauta ta intanet, ya karanta shi daga farko har ƙarshe, ya rubuta shafi biyu a kan abin da kamfanin ke sayarwa, da bashin da ke kansa, da abin da zai iya karya shi. Mai neman aiki da ya zo da irin wannan takarda a hannu ya sha gaban wanda ya zo da takardar shaida kaɗai.

Ga 'yan'uwana malamai kuwa, lissafin da muka yi a sama ya isa darasi guda a aji. A ba ɗalibai lambobin, su canza yiwuwar nasara da yawan shekaru, su ga yadda darajar ke hawa da sauka. A kuma daina nuna wa yara cewa duk wanda bai sami likitanci ba ya faɗi.

Kammalawa

Ɗalibin nan nawa bai koma sashen akanta ba, bai kuma bar kantin mahaifinsa ba. Yana aji biyu yanzu, a hutu shi ke riƙe littafin cinikin kantin, ya kuma kawo mini shafi biyun da na nema. Akwai kurakurai a ciki, na gyara masa da jan biro. Ba kowane mai karanta wannan maƙala ne zai zama Swanson ba, guraben kaɗan ne, gasar kuma tana da zafi. Amma binciken da ke kwance a ɗakunan gwajin jami'o'inmu ba zai isa ga majiyyaci ba sai an sami waɗanda za su iya auna shi da ma'aunin kimiyya, su nemo masa jari, su kuma riƙe amana. Ina fata wasu daga cikinsu suna zaune yau a azuzuwan sakandare.